Fuskar Gidanmu na Komah

Saura sati huɗu Inna ta fita takaba na kawo dillali ya duba gidanmu na unguwar Komah. A Sokode in na gidaje ne ba ma ce masa dillali, demarshe muke cewa. Wannan ɗan Kotokoli ne, gajere, da jakar takardu a hammata wadda ban taɓa ganin ya buɗe ta ba. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba, kowa "kai" ne a bakinsa. Ya tsaya a tsakiyar hanya ya riƙe ƙugu, ya dubi gidan daga sama har ƙasa kamar mai taya saniya, sannan ya shigo zaure ya ɗaga murya.

"Hajiya, gidan yana da kyau, amma fasad ya lalace. Sai ka gyara fasad. Fasad shi ne komai, wallahi. Mutum yana zuwa, fasad yake fara gani."

Tun a hanya na ja masa kunne cewa kada kalmar sayarwa ta fito daga bakinsa a gidan nan, kuma ya kiyaye. Wadda ban hana shi ba ita ta tayar da Inna. Daga can cikin gida muka jiyo muryarta, muryar da wata uku ban ji ta ɗaga ba.

"Wane ne wannan yake kiran fasadi a zauren mamaci? Ƙasar kabarinsa ko kwanciya ba ta yi ba, har an fara?"

Na bar mutumin baki buɗe na shiga. Tana zaune a tabarma a bakin ɗakinta, da zanen takaba da carbi. Na durƙusa na ce, "Inna, ba fasadi ya ce ba. Faransanci ne. Fuskar gida yake nufi, bangon waje."

Ba ta dube ni ba. Kazar da ke tone-tone kusa da turmi ta duba. "To ita fuskar me ta yi?"

"Damina ta cinye ta. Na ce a ɗan gyara kafin ranar fitarki, saboda mutane za su zo."

Ta ja carbi biyu ko uku, ta ce wa kazar, "Allah ya yi albarka."

Ƙaryar ke nan, kuma ko kaɗan ba ta yi mini nauyi a baki ba. Na tashi na koma zaure muka ci gaba da magana ƙasa-ƙasa.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta yi mini magana ido da ido sai in babu makawa. In tana so in ji abu sai ta faɗa wa kaza, ko tukunya, ko maƙwabciya in akwai. Tun da aka kai ni aure Dapaong, wanda mu har gobe Dapango muke ce masa, sunana ya koma "mutanen Dapango". A gaya wa mutanen Dapango abincinsu na hucewa. Mutanen Dapango sun rame. Ni kaɗai ce mutanen nan, kuma a haka muka yi zamanmu lafiya.

Baba falke ne. Raguna yake sarowa daga Dapango da kasuwannin bakin iyakar Burkina, ya kawo Sokode ya yi musu kiwo ya sayar. Ya rasu a shekarun nan da ƙasar ta hargitse da maganar demokuraɗiyya, amma shi ba harsashi ba ne, ciwon kwana huɗu ne. Saƙo ya same ni a shago ina auna wa wata mata yadi. Na gama auna mata, na yanka, na naɗe, sannan na rufe shagon. Hanyar da muke yi a wuni ɗaya ta ci mini kwana biyu saboda shingaye, na iso an riga an binne shi. Mata suka taso suka rungume ni suna kuka. Na tsaya ina jiran nawa ya zo, bai zo ba. Na ɗauka gajiya ce. Aka yi bakwai, aka yi arba'in, shiru. Abinci ba ya yi mini daɗi, ba ya yi mini ɗaci. In an ce zauna sai in zauna.

Shida Inna ta haifa a ɗakin nan nata, huɗu suka koma tun suna ƙanana, muka rage ni da ƙanena. Shi a Lome yake da shagon kayan masarufi. Da garin ya rikice ya kwashi matarsa da 'ya'yansa suka tsallaka Gana da ƙafa, katifa a ka, shagon kuwa ko ƙusa ba a bar masa ba. Rubutu bai dame shi ba, ni ma haka, sai ya yi magana a kaset ya ba wani direba ya kawo mini Dapango. Rabin kaset ɗin gaisuwa ne. Sauran magana ɗaya ce yake ta juyawa: a barandar wani masallaci suke zaune, yara ba makaranta, a sayar da gidan a ba shi rabonsa, Inna ta koma wurina tunda ƙafafunta sun fara kumbura kuma ba za ta iya zama ita kaɗai ba. A ƙarshe ya ce, "Yaya, ke ce kusa, ke za ki gaya mata." Kusa! Kwana biyu a mota, amma ni ce kusa. Na so in ji haushinsa, na laluba ban samu ba. Abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ba wata hanyar da na gani.

Sau biyu ina shiga ɗakin Inna da maganar a bakina, ina fitowa da tambayar ko akwai sauran daddawa. Yarinya ce ƙarama aka kawo ta gidan nan, a nan ta tsufa, ban san ta inda ake fara gaya wa irin wannan matar ta tashi ba. Sai dabara ta faɗo mini. Mai takaba ba ta leƙa ƙofar gida, wata huɗu da kwana goma duniyarta a zaure take tsayawa. Na ce to, a gyara wajen tana ciki, a samo mai saye, in komai ya kankama in faɗa sau ɗaya a wuce wurin. Masu saye kuwa akwai su. Duk wanda asalinsa arewa ne gudowa yake daga Lome, motoci na shigowa Sokode da kujeru da tukwane a sama, dangi sun cika ɗakunan dangi. A lokacin gani nake na yi wayo.

Fuskar gidan dai, in za a faɗi gaskiya, demarshe bai yi mata ƙazafi ba. Bangon ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti tun ina yarinya, ya ɓamɓare wuri-wuri. Ƙofar zaure ta kwano ce, tsatsa ta cinye gindinta har kaji na shiga ta nan. Ga turakun raguna a jere ta hagu, ƙasar wurin ta sha fitsarin shekara da shekaru. Ga kwatar wanka da ke fitowa ta ƙarƙashin bango ta kwanta a hanya, kore shar. Ga dakali. Baba bai taɓa damuwa da waje ba. In ya samu hali ciki yake gyarawa, ɗakin Inna, bakin rijiya, madafi. Cewa yake wajen na masu wucewa ne, su kuwa ba su taɓa ba shi ko dala ba.

Maginin da na samu daga unguwar Kpangalam yake, ma'aikacin gine-gine ne da dogon yajin aikin da aka shiga a ƙasar ya zaunar a gida. Ba shi da lebura, ni ma ban nemo masa ba. Ni nake ɗebo masa ruwa daga rijiyar cikin gida, bokiti-bokiti, in wuce ta gaban Inna in fita, in dawo in sake wucewa. Siminti ya yi wuya a garin, shaguna a rufe, sai ta ƙofar baya ake samunsa in an san ka. Ya fara da turaku, ya tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe ƙasar wurin ya zuba sabuwa. Ya haƙa ya binne kwata cikin bututu. Sannan ya ɗauki guduma ya nufi dakali.

Dakalin nan ban so a taɓa shi ba, ban kuma ƙi ba. Demarshe ne ya ce a fasa. "Yanzu ba wanda yake son mutane su taru a ƙofarsa, Hajiya. Mutum biyar sun zauna, soja ya ce mitin ne." Abokan Baba su uku ba su daina zuwa ba bayan rasuwarsa. Bayan la'asar za su zo su zauna, su bar gurbinsa a tsakiya. Ran nan suka zo suka tarar da tulin ɓaraguzai. Suka tsaya da buzayensu a hannu. Babbansu ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, 'yata." Na ce, "Yawwa, Baba, sannunku." Suka juya suka nufi masallaci a jere. Na bi su da ido har suka sha kwana, sannan na tambayi magini ko ruwan ya isa.

Sai da dakalin ya tafi na lura da tabon. A bango, daidai inda Baba yake jingina, akwai wani baƙin wuri mai sheƙi, faɗin faifai, inda ƙeyarsa da hularsa suka yi ta gogawa. Simintin wurin lafiya lau yake, don haka magini bai taɓa shi ba, farar ƙasa kawai ya bi shi da ita. Ta bushe, tabon ya fito. Ya sake shafawa, ya sake fitowa. A karo na uku ya goge gumi ya ce, "Maiƙo ne, Hajiya, ya shiga ciki. Sai dai a sassaƙe."

Na ce, "Sassaƙe."

Ya ɗauko kurfi da guduma. Na kife bokiti na zauna a kai ina cin gyaɗa ina kallo. Na san abin da nake kallo sarai. Har na ce wa kaina, ke, kan ubanki ne fa ake sassaƙewa. Na ji maganar kamar daga rediyon maƙwabta take fitowa. Gyaɗar ma ba gishiri.

Da ya gama ya cike ramin, ba tare da ya juyo ba ya ce, "Tsohuwa ta sani?"

Na ce, "Ta san me?"

"Na daɗe a aikin nan. Mai zama ta ciki yake farawa."

Na ce masa magini na ɗauko, ba liman ba, ya yi abin da ya kawo shi. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, bai sake tayar da maganar ba. Matan unguwa ma sun sani, na ga hakan a idonsu in sun ratsa ta cikin yashi da siminti za su shiga gaishe ta. Amma a Komah ba wadda za ta yarda a ce daga bakinta mai takaba ta fara jin irin wannan. Su shiga, su yi zancen tsadar gari da 'ya'yan da ba a ji labarinsu ba a Lome, su fito su ce mini sannu da ƙoƙari.

Duk wannan Inna na ciki tana jin guduma. Rana ta huɗu, ina wucewa da bokiti, ta ce wa tukunyar da ke kan murhu, "In maginin mutanen Dapango ya gama, madafi na yoyo ta kusurwar gabas. Ruwa ya kusa." Na ce, "To, Inna, sai ya gama waje." Bayan kwana biyar ta sake faɗa, wannan karon har da tsagar bangon ɗakinta wadda ƙadangare ke shiga. Na ce to. Magini ko sau ɗaya bai taka cikin gidan ba, don demarshe ya ce ciki aikin mai saye ne, kada in ɓata siminti. Ba ta ƙara tambaya ba. Na lura ta daina, na kuma ji sauƙi da ta daina, Allah ya yafe mini.

Ranar da aka gama farar ƙasa gidanmu ya fi kowane gida haske a layin. Washegari na fito shara na tarar an rubuta mana Faransanci da gawayi daga wannan kusurwa zuwa waccan, manyan baƙaƙe, wai wane ya sauka. Tabɗi! Ashe allo na yi wa 'yan unguwa. Magini ya wanke ya sake shafawa. Kwana biyu sai ga ɗaya ɓangaren sun ba da amsa, su da jan fenti, wai wane yana nan daram. Demarshe ya zo ya gani ya dafe kai. "Wanda zan kawo ma'aikaci ne, Hajiya. In ya ga wannan ko daga babur ba zai sauka ba."

Na tsaya a tsakiyar layi na zazzaga masifa, da Hausa da Kotokoli da ɗan Faransancin da na tsinta a kasuwa. Na ce duk ɗan da ya isa ya je ya rubuta a bangon ubansa, mu namu uban ya mutu a bar mu mu ji da abin da ya dame mu. Mata suka leƙo ta kan katanga. Bakina ne kawai yake aiki, cikina shiru, kamar ina karanta wa wani wasiƙarsa.

Magini ne ya kawo maganin abin. Ya aro wani ɗan akwatin ƙarfe mai hannu, tiroliyen suke ce masa, a zuba ruwan siminti a ciki a riƙa juyawa yana feso shi a bango. In ya bushe sai bangon ya yi ƙurji-ƙurji, gawayi ba ya tafiya a kai, buroshi ma haka. Kwana biyu ana jin ƙarar abin, ƙar-ƙar-ƙar, har cikin ɗaki. Daga nan ba wanda ya ƙara yi mana rubutu.

Ana cikin haka na koma Dapango in ga yara da shago. A wasu wurare samari ne suka tare hanya da tayoyi da itace, a wasu sojoji, kowa kuma so yake ya ji yaren da ke bakinka. In ka ce Hausa, ko a ce baƙi ne ku wuce, ko a ce baƙi ne ku sauko. A wani shinge kafin Mango aka sauke mutumin da ke zaune kusa da ni, motar ta tashi babu shi, ledar burodinsa na kan cinyata. Na riƙe ta har Dapango, ni kuwa tunanin launin ƙofa nake yi. A shekarun nan kowane launi da masu shi. Ka shafa wannan a ce kai na su wane ne, ka shafa wancan a ce ka bi su wane. Maigidana ya ce in sa ruwan ƙasa, ba a taɓa zanga-zanga da ruwan ƙasa ba. Ya kuma tambaye ni ko na gaya wa Inna. Na ce saura kaɗan. Ya dube ni, ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ranar fita, tun da safe aka yi waina da koko aka raba sadaka. Inna ta yi wanka, aka yi mata kitso, ta ɗaura sabuwar atamfar da na kawo mata daga shagona. A al'adarmu mai fita takaba takan zaga gidajen da suka yi mata zaman makoki ta yi godiya. Maƙwabciyarmu, tsohuwar ƙawarta, ta riƙe mata hannu, ni ina biye. Ta ratsa zaure a hankali saboda ƙafafun. Da ta taka waje ba ta waiwaya ba, suka miƙe suka shiga gida na farko.

Sai da muka dawo wajen azahar ta gan shi gaba da gaba. Ta tsaya a tsakiyar hanya. Bango toka-toka mai ƙurji da farin layi a sama, sabuwar ƙofa ruwan ƙasa, fili a share an zuba tsakuwa, ba turke, ba kwata, ba dakali. Wallahi ya yi kyau. Ka ce gidan wani ma'aikacin kwastan ne. Ta daɗe tana kallo. Ta matsa ta ɗora tafin hannu a bangon, ta janye saboda kaushi, ta duba hannun.

Ƙawarta ta ce, "Kai, 'yarki ta yi ƙoƙari. Gida ya koma sabo fil."

Inna ta ce mata, "Malam ma, Allah ya ji ƙansa, haka yake yi. Rago ya yi wata da watanni a turke da dauɗarsa bai kula ba. Ran da kika ga ya ɗebo ruwa da sabulu yana wanke shi har kofato, to gobe kasuwa."

Ƙawar ta yi 'yar dariya ta sunkuyar da kai. Inna ta lalubi inda ta saba dafawa in za ta hau dokin ƙofa, babu, sai ta dafa sabuwar ƙofar ta shiga.

Na jira ta kira ni, ko ta faɗa wa kaza abin da za ta faɗa. Da yamma na ga ana kama kajin ana ɗaure musu ƙafa, ta ba ƙawarta su duka, ta haɗa mata da turmi. Maganar da na yi wata guda ina ɗauke da ita ba a taɓa yin ta ba tsakanina da ita, har yau.

Bayan kwana uku demarshe ya kawo mutumin. Ɗan Kpangalam ne da ke aiki a tashar jiragen ruwa ta Lome, ya gudo da iyalinsa, su tara a ɗaki biyu na wansa. Mutum mai kunya. Ya zaga waje ya yaba, ya ce nan ba sai ya sa hannu ba. Sannan ya ce shi ba zai sayi gida da tsohuwa a ciki ba sai ya ji daga bakinta. Demarshe ya yi ta ƙifta mini ido. Na ce bismilla, na shige gaba. Ko gabana bai faɗi ba.

Ya cire takalmi ya tsuguna, ya yi mata gaisuwar rashi. Sannan ya ce, da Hausa irin ta demarshe, "Mama, an ce za a sayar. Ka yarda?"

Ta dube shi sosai. Ta ce, "Ni na ce a gyara, ni na ce a nemo mai saye. 'Ya'yana ba sa yin abu sai da izinina."

Ina tsaye a bayansa, na kafa ido a kan igiyar guga.

"Amma kada waje ya ruɗe ka," in ji ta. "Madafi na yoyo ta gabas. Ɗakin nan ya tsage, ga shi can kana gani. Rijiyar ce dai ba ta ƙafewa, ko rani ya kai ina."

Demarshe ya kama tari. Mutumin ya yi murmushi ya ce ba komai, zai gyara kafin ruwa. Ranar takarda, da aka zo kan tumunin takaba, rabonta na gado, ta miƙa babban yatsa tun kafin a nema. Ta dangwala, ta goge a gefen zane.

Muka hau motar Dapango da akwatinta ɗaya da tabarma da butar Baba. Duk hanya ba ta yi magana ba sai a Bafilo, inda ta ce a gaya wa mutanen Dapango su sayo mata ruwa. Ƙanena ya karɓi rabonsa, ya kama ɗaki, ya kafa tebur a can Gana. Ya aiko da wani kaset yana sa mini albarka, wai Allah ya saka mini da na iya lallashin Inna.

Na ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska. Maigidana yana girmama ta, jikoki suna rububinta. Ta jera kwanoninta, ta rataye labule, har ta koyi gaisuwa kalma biyu da yaren Moba saboda matan da ke kawo mana itace. Ba ta taɓa ambaton Komah ba, ni ma ban ambata ba. Na ce a raina abin ya wuce. Ƙasar ma ta ɗan lafa, an koma aiki, shingaye sun ragu. Ni dai ina nan yadda nake, ina auna yadi ina yankawa.

Bayan shekara biyu, ana saura kwana goma Babbar Salla, maigidana ya ce ƙofar gidanmu ta yi muni, ga abokansa za su zo cin nama. Ya kira magini. Ni ko a jikina. Na tafi shago da safe na bar su suna kankare bangon waje. Da azahar na dawo in ɗora girki, na leƙa ɗakin Inna in gaishe ta.

An naɗe tabarma an jingine. An sauke labule an ninke. Akwatin na tsakiyar ɗaki a ɗaure da igiya, buta a kansa. Inna na zaune a bakin gado da mayafinta, ta cusa kumburarrun ƙafafun nan cikin takalman fita. Daga waje ana jin ƙarfe na cin bango.

Na ce, "Inna, lafiya? Ina zuwa?"

"Na ji an fara waje," in ji ta. "Na ce gara in shirya da wuri, kada a sha wahalar ɓoye mini. Wannan karon ina za a kai ni?"

Na ce Salla ce kawai, Inna, wallahi Salla ce, ba inda za a je. Na rantse, na sake rantsewa. Na ce ta tambayi maigidan, ta tambayi maginin. Ta gyaɗa kai ta ce to. Na durƙusa na kama ƙafarta zan cire mata takalmin, ta janye a hankali. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba a rayuwata, don na gane gaskiyata ba ta da sauran amfani a wurin matar nan, kuma ni na yi wa kaina.

Magini ya gama, aka yi Salla, aka ci nama, ba wanda ya je ko'ina. Amma daga ranar Inna ba ta ƙara jera kayanta a ɗakin ba. In tana son zane sai ta kwance igiyar ta ɗauka ta sake ɗaurewa, haka ta yi shekara huɗun da suka rage mata a gidana.